Kwalba Mai Zane Uku

Sunana Lawali, gyaran rediyo nake yi a Sabon Gari, Gusau. Ni ba marubuci ba ne, hannuna ya fi sabawa da dalma da sukudireba. Amma shekara guda ke nan da rasuwar mahaifina, kuma har yau in na haɗu da mutanen ƙauyenmu sai su ce, "Lawali, ka yi jinya, Allah shi saka maka." Na gaji da karɓar wannan yabon. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda jinyar ta kasance, don wanda zai kai nasa asibiti gobe ya san abin da zai sa wa ido, ya kuma san abin da ni na aikata.

Baba manomi ne a wani ƙauye kusa da Nahuce. Ba shi da dukiya, amma yana da abu ɗaya da aka san shi da shi: in rigimar iyakar gona ta tashi, shi ake kira shaida. Ko ƙaninsa ne ya ci iyaka, Baba zai je ya dafa wurin da sandarsa ya ce nan ne, kuma maganar ta mutu. Wannan hali ya ja masa gaba da mutane da yawa, bai taɓa damuwa ba.

Da kakar shekara ta biyu da ba mu jiha, yana ɗaurin dawa ya taka tsinin kara. Ya huda takalmin roba ya shige tafin ƙafarsa ta dama. Ya zare, ya yage bakin rawaninsa ya ɗaure, ya ci gaba da aiki har yamma.

Makon farko a gida aka yi shi. Gwaggo Hajo, ƙanwarsa, ta kwaɓa toka da man shanu ta cusa a ramin. Wanzami ya zo ya tsaga gefen ya matse. Wani maƙwabci ya rantse cewa ba kara ba ne, abin da aka binne masa ne saboda wata shaida da ya bayar bara, aka shiga kawo rubutu kwano-kwano. Mako na biyu aka je kemis a Bungudu, aka ba su kafso aka ce a fasa a barbaɗa. Duk wannan ba wanda ya gaya mini. Sai da wani direba ɗan garinmu ya tsaya a bakin shagona ya ce, "Kai, ka je ka dubi tsohonka, ƙahwar nan ba ta yi mani ba."

Tun daga zaure na ji warin. Ƙafar ta kumbura har idon sawu, fatar tana sheƙi, shi kuma yana zaune yana faɗa da Gwaggo wai ta cika surutu. Na ce sai asibiti. Ya ce, "Don tsinin kara? Sau nawa nit taka shi tun ba a haihe ka ba?" Sai da na kira limamin garin ya sa baki kafin ya yarda ya hau mota.

A Gusau kwana biyu muka yi muna bin layi. Ranar farko kati kawai muka samu. Rana ta biyu likita ya duba, ya ce ciwon na buƙatar wanki kullum da allura safe da yamma, kuma dole a kwantar da shi, amma gado babu, har a ƙasa akwai mutane. A bakin ƙofa wani surukin Gwaggo ya ba mu labarin wani ƙaramin asibiti a ƙasar Tsafe. Ba zan faɗi sunan garin ba. Ya ce can akwai gado, kuma duk mako biyu, ranar Alhamis, likita na zuwa daga Gusau ya yi wa mutane aiki. Na sayar da ragon da Baba ke kiwo, na rufe shago, muka tafi.

Asibitin ɗaki uku ne da baranda. Shugabansa wani mai ƙiba ne mai yawan fara'a, kowa Oga yake ce masa. A bakin ƙofa akwai kemis na ƙaninsa. Tsarin wurin shi ne ka sayo kwalbar allura a kemis ɗin, ka miƙa ta tagar ɗakin allura, ka koma wurin majinyacinka. Can sai ma'aikaci ya fito da sirinji a cike ya tsira masa. Ba a shiga ɗakin, ba a tambaya. Ni kuma da ganin farar riga sai in rusuna, me zan tambaya?

Mai wankin ciwo shi ne Malam Isiyaku. Ya kai shekara hamsin, siriri, gemunsa ya fara furfura, da wani tsohon keke yake zuwa aiki. Ba ya yawan magana. Kullum da safe zai ja kujera ya zauna a ƙarshen gadon, ya buɗe jakarsa, ya ce mini, "Riƙe mani ƙahwar." In riƙe, shi kuma ya yi ta wankewa a hankali, bai taɓa yamutsa fuska don wari ba. Baba da ba ya yabon kowa ya ce hannun mutumin nan na da albarka.

Kwana goma ana allura, zazzaɓi bai sauka ba. Kumburin ya haura zuwa ƙwauri. Baba ya daina faɗa da mutane, wannan kuwa ya fi komai tsorata ni. Wata safiya Malam Isiyaku na naɗa bandeji, bai ɗago kai ba ya ce, "An ce kai mai gyaran rediyo ne. Kana da abu mai tsini?"

Na ce akwai ƙaramin sukudireba a aljihuna.

"In ka sawo kwalba, ja mata zane a gehen murhin kahin ka miƙa. Kada ka hwaɗa ma kowa."

Ranar Litinin na ja zane a ƙarfen murfin na miƙa. Ranar Laraba na je kemis, aka miƙo mini kwalba, na juya ta, ga zanena. Murfin ko taɓa shi ba a yi ba. Na tsaya a wurin har mai kemis ya ce in matsa. Zuciyata ta ƙi yarda, na ce ƙila kuskure ne, ƙila sun yi amfani da wata suka mayar da wannan. Na ƙara zane na biyu na miƙa. Ranar Juma'a ta dawo hannuna. Sau uku na sayi kwalba ɗaya. Na ja mata zane na uku na jefa a aljihu, na tafi bayan masallaci na zauna. Kusan mako biyu ina riƙe hannun mahaifina ana tsira masa ruwa, ina ce wa mai tsirawar sannu da aiki.

Na nuna wa Malam Isiyaku kwalbar, daga ranar ya karɓi allurar, in na sayo sabuwa shi nake miƙa wa. Da safe bayan wanki ya haɗa a gabana ya yi, da la'asar bayan ya tashi aiki ya sake dawowa a kekensa ya yi ta biyu. Ko lemo bai taɓa karɓa a hannuna ba. Cikin kwana shida zazzaɓin ya sauka. Baba ya nemi fura, ya sha, ya ce wadda ta dama ta ba ta iya ba. Da na ji ya fara kushe abinci sai na fita baranda na yi kuka don murna.

A wannan makon ne Malam Isiyaku ya zo da takarda. Ya ce sau biyu yana rubuta wa ma'aikatar lafiya ba tare da suna ba, shiru. Wani ya gaya masa takardar da ba suna ba shaida, kwandon shara ake jefa ta. Wannan karon ya sa sunansa, yana so ya sa namu.

"Ba tilas," in ji shi. "Ku majinyata ne, kuna hannunsu. In kun ƙi ba ni ganin laihinku."

Ban buɗe baki ba Baba ya riga ni. "Sa sunanmu. Abin da munka gani shi za mu hwaɗi. Lawali, kwalbar tana nan?"

Na dafa aljihu na ce tana nan. Na ce ko gaban gwamna ne zan fito da ita. Da bakina na faɗi haka, ba wanda ya matsa mini.

Wannan karon ma'aikatar ta ce za ta turo masu duba asibiti. Kwana huɗu kafin su zo, kowa ya san suna tafe, don an aiko a tanadi abincin rana. Ban taɓa ganin aiki irin na kwanakin nan ba. Aka shafe bango da farar ƙasa, har duwatsun bakin hanya. Wata babbar mota ta kawo gadaje masu sabon fenti, da fararen zannuwa, da firji, alhali wurin ko wuta babu. Aka rufe kemis ɗin bakin ƙofa, aka kwashe kayansa aka jera a ɗakin magani na asibiti. Tsofaffin gadaje aka tara su a bayan katanga. Sannan aka zo kan mutane. Masu ɗan zazzaɓi da masu iya zama su yi murmushi aka bar su a ɗaki. Masu wari da masu nishi, su uku har da Baba, aka kwashe su zuwa wani tsohon sito a bayan ban-ɗaki, aka shimfiɗa musu tabarma. Aka ce na kwana biyu ne.

Ana gobe za su zo, bayan azahar, Oga ya aiko kirana. Ya ba ni kujera, ya sa aka buɗe mini lemo. Ya tambayi jikin Baba, ya tambayi shago, har ya ce yana da rediyon da zai ba ni gyara. Sannan ya jawo wani littafi ya juyo shi gabana.

"Ka san gata bayan baƙinmu sun tafi, ranar Alhamis, likita zai zo. Mutum huɗu kawai yake gani, shi ya sa har yau layi bai kai kanku ba. Ƙafar babanka tana son a buɗe ta a kwashe ruɓaɓɓen naman, in ba haka ba yanke ta za a yi. Duba nan."

Na duba. Sunan Baba ne na farko.

"Da fensir na rubuta," in ji shi, yana murmushi. "Sha lemonka mana."

Na sha. Har yau ina jin kunyar cewa na shanye shi tas.

Ranar Talata da hantsi farar mota ta tsaya. Maza uku da mace ɗaya. Suka zaga ɗakunan, suka ƙirga gadaje, suka buɗe firji suka rufe, suka tambayi wani mai zazzaɓi ko yana samun sauƙi, ya ce alhamdu lillahi. Ina laɓe a gefen baranda ina kallo. Sai babbansu ya zaro takarda daga jaka. Na zaci zai kira Malam Isiyaku gefe ne. A'a. A gaban ma'aikata duka ya miƙa wa Oga ya ce, "Ga ƙorafin da ma'aikacinka ya rubuta a kanka. Karanta mu ji me za ka ce."

Oga ya karanta da ƙarfi, yana tsayawa yana girgiza kai kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya ce mutumin nan ya daɗe yana neman kujerarsa. Malam Isiyaku ya matso gaba. Ya dubi baƙin ya ce, "Ranku shi daɗe, ku zo bayan ginin ga ku gani da idonku. Taku ashirin ne."

Mazan suka dubi agogo. Macen ce ta ce za ta je, kuma ina gode mata har gobe, don ita ta yi abin da ya kawo ta. Da ta taho sai sauran suka biyo ta, Oga a bayansu. Na riga su shiga siton na durƙusa kusa da Baba. Ta shigo ta toshe hanci da gyale, ta dubi tabarmin uku, ta dubi takardar.

"Kai ne Lawali? Wannan ne mahaifinka? Wa ya kawo shi nan?"

Kwalbar na aljihuna na dama, ina jin sanyinta a cinyata. Malam Isiyaku na tsaye a bakin ƙofa, bai ko dube ni ba, don bai ga dalilin da zai sa ya dube ni ba, ya riga ya yarda da ni. Oga kuwa ya zaro fensir daga aljihun rigarsa yana sosa kunne da shi.

Na ce, "Mu muka roƙa a kawo shi nan, Hajiya. Ɗakin can ya yi masa hayaniya."

"Allura fa? An rubuta nan cewa ruwa ake yi masa, kuma kana da shaida."

"Ni ban san wannan maganar ba. Ana kula da mu sosai."

Sai Baba ya yunƙura ya dogara da gwiwar hannu. Muryarsa ba ƙarfi, amma kowa ya ji. "Lawali, hiddo kwalbar. Hajiya, ƙarya shikai. Tana aljihunai, zane ukku gare ta."

Matar ta juyo gare ni. Da a nan na tsaya, da na zaro ta na miƙa, da komai ya wuce. Amma na riga na shiga, kuma idona na kan fensirin nan. Na dafa kafaɗar Baba na mayar da shi kwance, na ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, zazzaɓi ne. Kwana biyu ke nan yana sambatu, ba ya sanin abin da yake faɗa."

Mutumin da gari guda ke kashe rigima da maganarsa, ni na ce yana sambatu, a gaban baƙi. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta rubuta wani abu a takardarta ta fita. Suka ci abinci a ofishin Oga, ana ta dariya, kafin la'asar sun kama hanya.

Da wurin ya yi shiru na kawo wa Baba ruwa. Ya kawar da kai. Ya ce, "Da ka bar mani bakina, ko da ƙahwar ta tahi." Ya juya fuskarsa ga bango. Wannan ce magana ta ƙarshe da ya yi da ni a duniya.

Abin da na saya da ƙaryata kuwa, ga shi. A yammacin ranar aka hana Malam Isiyaku shiga asibitin, wai ya ɓata sunan wurin kuma yana yin allura ba da izini ba. Ranar Laraba babbar motar ta dawo ta kwashe gadajen da zannuwan da firjin, direban ya ce wani asibitin za a duba ranar Litinin. Aka mayar da tsofaffin gadaje, amma ba wanda ya ce a mayar da Baba, a sito aka bar shi. Ranar Alhamis na zauna a baranda tun safe har rana ta faɗi, likita bai zo ba. Oga ya ce mota ce ta lalace, sai wani zuwan. Na sayo kwalba na roƙi mai allura ya haɗa a gabana. Ya yi dariya ya ce, "Ba kai ka shaida ana yin komai daidai ba? Miƙo ta taga." Wankin ciwo kuwa sai wanda ya ga dama, ya goga auduga sau ɗaya yana kawar da kai.

Na san unguwar da Malam Isiyaku yake. Tafiyar minti goma ce. Sau biyu ina kama hanya ina juyowa, don ban san da wace fuska zan yi masa sallama ba. Kunyata ta ƙara wa Baba kwana uku ba magani.

Ranar Asabar zazzaɓin ya dawo da ƙarfinsa, ƙafar ta yi baƙi har gwiwa. Yanzu kam sambatun gaske ya fara. Na ɗauki shatar a-kori-kura muka koma Gusau, Gwaggo ta same mu a can. Ganin halin da yake ciki aka ba shi gado nan take. Likitan ya buɗe ƙafar ya rufe, ya ce, "Gubar ta shiga jini." Ya ce jikin ba zai ɗauki yanka ba. Ya tambayi wace allura aka yi masa, sai na zaro kwalbar na miƙa. Ya karanta ya ce magani ne mai kyau, da ya same shi a jere ba yankewa da ba mu zo nan ba. Ya tambaye ni zanen mene ne a murfin. Na ce ba komai.

Kwana uku ya yi. In ya farfaɗo yakan karɓi ruwa a hannun Gwaggo, in ni ne sai ya rufe baki. Gwaggo ta ɗauka zafin ciwo ne, tana ta ba ni haƙuri. Ranar Talata bayan azahar ya cika.

Don haka ga abin da zan ce wa mai jinya. Kada ka miƙa magani ta taga. A fasa a gabanka, a zuƙa a gabanka, ko za a zage ka. In ka ga ana shafa farar ƙasa a asibiti, ka tambayi ina aka kai masu nishi. Masu dubawa ba sa ganin komai sai abin da aka nuna musu, kuma ko ta kirki a cikinsu ba ta da abin yi in wanda aka zalunta ya ce ba a zalunce shi ba. Daga baya na ji an yaba wa asibitin a rahoto, kuma maganata na ciki.

Ranar da Baba ya cika, muna ɗora gawar a mota sai ga Malam Isiyaku. Ashe yana Gusau kwana biyu yana amsa tuhuma a ma'aikata, ya ji an kawo Baba asibiti, ya bi ɗaki-ɗaki yana nemanmu. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai ce. Ya yi wa Gwaggo gaisuwa, ya yi mini, ya tsallaka kemis ya dawo da ƙunshi a hannu, ya hau bayan motar ya zauna. Muka kama hanyar gida.

A gida masu wanka suka fito suka ce akwai matsala, ƙafar na zubar da ruwa, za ta ɓata likkafani, kuma ba wanda ya san yadda zai ɗaure ta. Malam Isiyaku ya tashi ya wanke hannu ya shiga. Jim kaɗan ya leƙo ya kira sunana. Na shiga. Ya riga ya zauna a ƙarshen tabarmar, ya kwance ƙunshin, ya jera auduga da bandeji kamar yadda yake yi kowace safiya. Na durƙusa na fara cewa, "Malam, don Allah ka..."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Riƙe mani ƙahwar."

Na riƙe. Ta yi sanyi. Ya wanke ta a hankali, kamar mai gudun kada Baba ya ji zafi.